Shekarar da Aka Kai Wanku Riƙo Tudun Marke

Da sunan Allah nake ɗora alƙalami, shi da ya ara mini kwana har hannuna ya koyi abin da bai koya da ƙuruciya ba.

'Ya'yana, kun taso kun tarar da wata magana a gidan nan. Ba wanda ya zaunar da ku ya faɗa muku ita, amma kun shaƙe ta kamar hayaƙin murhu. Maganar ita ce wai Baffanku Yahaya ya dawo daga Ingila da karatun Turawa, ya hure mini kunne, na ɗauki wanku, ɗana na fari, na ba mutanen Tudun Marke, ya je ya mutu a hannunsu. Ina ganin yadda kuke durƙusa masa in ya zo da Sallah, gwiwa a ƙasa, ido a bango. Shi ma yana gani. Bai taɓa cewa komai ba, kuma na san ba zai ce ba. Don haka ni zan faɗa, tun ina da sauran numfashi, yadda abin ya faru.

A lokacin Turawa na nan, sai dai ana ta maganar sun kusa tafiya. Garinmu Gidan Kanya kun san shi, a ƙasar Ruma, bakin daji. In ka ratsa dajin ka nufi wajen Zakka, gari na farko da za ka tarar shi ne Tudun Marke. Tun kakanni mu da su muke farauta tare in an gama kaka ciyawa ta bushe, muna auren 'ya'yansu suna auren namu. Dokar farauta ɗaya ce, wanda ya fara sa wa nama jini shi ke da shi. A ranin shekarar aka ta da gwanki, ya faɗi da kibiya biyu a jikinsa, ɗaya tamu ɗaya tasu. Gardama ta zama zagi, zagi ya zama gora. Wani saurayi nasu ya sha gora a ƙeya, aka kai shi gida a kan kafaɗa, bai sake tashi ba. Alƙali ya yi shari'a, aka tafi da wanda ya yi dukan gidan yari a Katsina. Shari'a ta ƙare a takarda, amma a zukata ko farawa ba ta yi ba. 'Ya'yanmu mata da ke aure can suka daina zuwa ganin gida. A kasuwar Batsari mahautanmu da nasu suna jere a layi ɗaya ba mai yi wa wani sallama. Wata safiya muka tashi muka tarar rumbun wani ya ƙone, ba wanda ya ga mai kunnawa. Da damina ta faɗi, gonakinmu na daji kuwa kan iyaka ɗaya suke da nasu, sai mutum ya rataye baka da kwari a reshe kafin ya sunkuya noma. Ni kaina na yi haka.

Akwai wata tsohuwar al'ada tsakanin garuruwan biyu, ana ce mata riƙon amana. In jini ya zuba, kowane gari ya fitar da ɗan fari daga gidan da ake ganin girmansa, a yi musaya, namu ya tashi a can, nasu ya tashi a nan, har su isa riƙe galma. Ba mai kunna wa gari wuta alhali ɗan garinsu na barci a ciki. Mahaifina, kakanku, a Tudun Marke ya tashi ta wannan hanya. Da Turawa suka kawo 'yan doka aka bar al'adar ta kwanta. A daminar nan dattawa suka fara ta da ita, kuma duk wanda ya ambace ta sai idonsa ya biyo ƙofar gidanmu. Samari kuwa cewa suke a ƙara ƙera kibau, a aika wa garuruwan maƙwabta su tsaya mana.

Wanku a lokacin bai daɗe da fara bin awaki ba. Haƙoransa na gaba sun fita, ya gano yana iya fito ta giɓin, ya hana kowa sakat da shi. Yana da ɗan kwikwiyo baƙi da ya sa wa suna Duna. Ku sani, ku da kuka taso yanzu abubuwa sun fara sauyawa, a wancan lokaci mutum ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya nuna ya damu da shi. Kunya ce, haka muka gada. Ni "kai" nake ce masa. Uwarku Hajara, Allah ya jiƙanta, "yaron nan" take cewa. Ko faɗuwa ya yi a tsakar gida sai dai wata ta ɗaga shi, ita tana kallon tukunya.

Ana cikin haka Yahaya ya dawo hutu. Shi tun yana ƙarami aka ɗauke shi boko, daga Batsari zuwa Katsina, daga nan gaba, har gwamnati ta tura shi jami'a a Ingila, wai in Turawa sun tafi ƙasa za ta buƙaci waɗanda za ta riƙa aikawa wasu ƙasashe. Na je tasha da jaki na taro shi. Ya rame, akwatinsa kuwa ya fi buhun gero nauyi, littattafai ne zalla. Bayan la'asar dattawa suka taru gindin kanya don yi masa barka da zuwa. Baba Maiunguwa ya dube shi sama da ƙasa.

"To, Yahaya, likita za ka zamo mana ko alƙali?"

"Ko ɗaya, Baba. Ana koya mana yadda ƙasashe ke zama da juna ne. Abin da ke sa su yaƙi, da abin da ke sa su bari."

"Ikon Allah. Wannan ma sai an hau jirgin ruwa? Ai da ka tsaya gida, ga shi nan muna yi ba ko malami."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Dariyar ba ta yi nisa ba, don kowa ya san abin da ke bayan dajin.

Washegari ya ce sai ya bi ni gona, lokacin maimai ne. Kafin hantsi tafin hannunsa ya yi bororo, muka zauna gindin gawo, bakana na rataye a samanmu. Ya daɗe yana kallonsa. Nan na ce ya faɗa mini karatun nan nasa sosai, ba irin na gindin kanya ba. Ya ce ɗakin karatunsu kamar matakala yake, ɗalibai na zaune hawa-hawa, malami na ƙasa yana magana, kuma duk mako sai ka rubuta ra'ayinka ka je ɗakin malami ka karanta masa, shi kuma ya warware maka shi zare-zare kamar tsohon saƙi. Ya ce malamai biyu ne suka fi tsaya masa a rai. Na farko ya yi yaƙin nan na Turawa, ya baro hannu ɗaya a can. Shi a wurinsa ƙasashe kamar garuruwa ne da ba hakimi a samansu, ba wanda za ka kai wa ƙara, don haka ba abin da ke tsare ka sai ƙarfinka, kuma zaman lafiya ba ya samuwa sai in ƙarfi ya yi daidai kamar sikelin mai auna gyaɗa. Na biyu tsoho ne, shi ɗansa yaƙin ya ci. Shi kuma cewa yake tsoro ba ya riƙe mutane har abada, sai an ɗaure su da alkawari da ciniki da zumunci har yanke igiyar ya fi barinta ciwo. Ya zana mini sikeli a ƙasa da kara, ya zana igiya a gefe.

"Su biyun nan suna gaisawa?" na tambaye shi.

"Tare suke shan shayi, Yaya. Suna fitowa kowa ya shiga ajinsa ya ce ɗan'uwansa bai san komai ba."

"To wa ya fi gaskiya?"

"Ba a gama ba. In ka bi na farko ka kawo hujja, ka ci jarrabawa. In ka bi na biyu ka kawo hujja, nan ma ka ci."

"Ku kun huta," na ce. "Ni tawa jarrabawar amsa ɗaya gare ta."

Sai na gaya masa maganar riƙon amana. Ya ce abin na cikin littattafansu, sarakunan da can sun sha musayar 'ya'ya bayan yaƙi, kuma malaman biyu kowa na cewa hujjarsa ce. Mai hannu ɗaya ya ce tsoro ne, kowa na riƙe da maƙogwaron ɗan'uwansa. Tsohon ya ce zumunci ne, yaro zai tashi da uwa biyu da gari biyu. Na ce masa, in ɗaya daga yaran ya mutu fa? Ya ɗauki karan ya danna gefe ɗaya na sikelin da ya zana har ƙasa ta burma.

"Na farkon ya ce daga nan sikeli ya karkace, sai abin da Allah ya yi."

Ya jefar da karan. Ya juyo ya kama hannuna, abin da bai taɓa yi ba tun yana yaro.

"Yaya, kada ka ba da shi. Ka bar ni in tafi da shi Katsina in sa shi makaranta, in an tambaya ka ce gwamnati ta ɗauka. A littafi yaran nan ba su da fuska. Wannan kuwa jiya a cinyata ya yi barci."

Wannan maganar Baffanku ce, a gonar daji, gindin gawon da kuka sani. Ba wanda ya ji sai ni.

Ban karɓi shawararsa ba. In na ɓoye nawa, ɗan wani za a nema, kuma duk garin zai san ɗan wanda ya tashi a Tudun Marke ne ya gudu da nasa. Ban da wannan ma, ina ɗaga kai sai in ga bakan nan a reshe, in tuna watarana ko ni ko wani sai ya saukar da shi.

Ranar Juma'a bayan an sauko aka zauna taro a ƙofar gidan Maiunguwa, dattawa a kan tabarmi, samari a tsaye a baya suna gunaguni. An yi ta ja-in-ja. Can sai Baba Maiunguwa ya juya wajen Yahaya.

"Kai da ka je ka karanto faɗa da sulhu, faɗa mana tsakaninka da Allah. Abin nan na kakanninmu, akwai shi a littattafan can?"

"Akwai, Baba."

"Yana tsayar da jini ko ba ya tsayarwa?"

 Da ya iya ƙarya da ya yi ta a ranar, amma Baffanku bai iya ba.

"Sau da yawa yana tsayarwa. Amma Baba, yaro ne ke biya, ba wanda ya ɗaga gora ba. Ni ban yarda a kai shi ba."

Ya faɗi sunan wanku a tsakiyar taron, ya ce ba za a kai shi ba. Amma rabin farko na maganarsa kaɗai aka ɗauka. Wani dattijo ya ce kun ji ko, har Turawa haka suke yi. Wani ya ce rabin na biyun kuwa boko ne ya cire masa kunya, yaro ba ya sa baki a riƙo. Sai Maiunguwa ya dube ni ya kira sunana, ya ce me na gani. Duk idanu suka dawo kaina. Ɗan fari ne. Ko ba jini a tsakani, in dattijo ya nemi ɗan farinka riƙo, ba ka da bakin hanawa, don hanawa na nufin ka tsaya gaban gari ka ce kana son sa. Na dubi ƙasa na ce:

"Yaro naku ne, Baba."

Ni na faɗa, da bakina, kuma ba kunya kaɗai ta sa ni ba, na yarda shi ne daidai. Kafin in isa gida labari ya riga ni shiga wajen mata, kuma ga yadda ya shiga: Yahaya ya ce a littafin Turawa ma haka ake yi, an ba da yaron.

Da hantsi aka yi musayar, a bakin rafin da ke tsakiyar daji. Uwarku ba ta fito ba. Tun asuba take daka, geron da ya isa gida uku, taɓarya ba ta tsaya ba har muka fita. Ƙunshin aya kawai ta ajiye a bakin zaure ba ta ce na wane ne ba. Yahaya ya ɗauka ya cusa masa a aljihu. A ƙofar gida yaron ya ja gefen rigata.

"Baba, da Duna zan tafi?"

"Tafi da shi," na ce, ina duban jaki.

Yahaya ne ya saɓa shi a wuya duk tsawon hanya. Shi ba ruwansa da kunyar ɗan fari, yana ta kiran sunansa, yana nuna masa tsuntsaye, yana ce masa ya yi fito su ji wa zai fi. Ina gaba ina ji, ban waiwaya ba. A bakin rafi muka tarar da mutanen Tudun Marke, a gabansu Malam Tanko, wan saurayin da aka kashe, riƙe da hannun ɗansa na fari, Garba. Aka yi fatiha, aka ɓare goro ɗaya ni da Malam Tanko muka raba. Yaran suka wuce juna a cikin ruwa iya idon sawu, kowa na kallon ɗan'uwansa, Duna na bin bayan wanku yana tsalle. Malam Tanko bai dubi nasa ba, ni ma ban dubi nawa ba. Junanmu muka duba, kuma na san abin da ke cikinsa kamar yadda ya san nawa.

Abin ya yi aiki, wannan ba zan ɓoye ba. Kafin Yahaya ya koma Ingila an sauke bakuna daga rassa. Da kaka muka yanke gero kafaɗa da kafaɗa da su a kan iyaka, 'ya'yanmu mata suka zo ganin gida da ƙwaryar fura a ka. Garba ya zauna da mu, yaro ne mai shiru. Uwarku shi take fara zuba wa tuwo, ta wanke masa riga kafin ta wanke tawa, amma hira ba ta taɓa haɗa su ba. Sau ɗaya na ga wanku bayan nan, a kasuwar Batsari, yana riƙe wa Malam Tanko akuya. Ya yi ƙiba, haƙoran sun fara fitowa. Ya sheƙo da gudu ya durƙusa ya gaishe ni. Mutane na kallo. Na ce lafiya lau, na tambaye shi Duna, ya ce ya girma har yana kama zomo. Na ce madalla, koma wajen babanka. Ya koma yana waiwaye. Na tsaya bayan rumfar masu gishiri ina kallonsa ta tsakanin buhuna har suka fita kasuwa.

Da bazara, lokacin da zafi ke hana kaza fita, sanƙarau ya shiga ƙasar. Wata rana da azahar ina gyaran danga na ga Duna ya shigo gida shi kaɗai, ya zagaya tsakar gida yana sansana. Na fita. Malam Tanko na tsaye a ƙofar zaure, ba takalmi, ƙafafunsa sun yi fari da ƙura. Ya ce ciwon bai ba su lokaci ba, wuyan wanku ya sanƙare, suka ɗora shi a jaki za su kai shi wajen mai magani a Safana, a hanya rai ya yi halinsa. Saboda zafi ba su iya jira ba, sun yi masa sutura. Sannan ya zauna a ƙasa, dattijo da shi.

"Amana ta mutu a hannuna. Garba naka ne. Abin da ka ga dama ka yi, ba mai tambayarka."

Kafin la'asar samari sun cika ƙofar gida. Wasu na cewa ƙarya ne, ramuwa suka yi. Wasu na cewa ko ma gaskiya ne, yanzu mu ke riƙe da nasu, su ba su riƙe da komai, a tsare yaron sai sun bar mana gonakin iyaka. Ina zaune ina karɓar gaisuwa, sikelin nan da Yahaya ya danna a ƙasa yana gabana. Garba ya shige bayan rumbu ya ƙi fitowa. Yaro ne, amma ya ji abin da ake faɗa.

Da gari ya waye uwarku ta jawo shi daga ɗaki. Ta yi masa wanka da kanta, ta shafa masa man gyaɗa, ta buɗe faifan da ta rufe kayan wanku ta ɗauko rigar da ya bari ta sa masa. Ta yafa mayafi, ta tsaya a kaina.

"Malam, ɗaura wa jaki akumari."

"Ina za mu?"

"Ka san inda za mu."

Muka fito ta tsakiyar samarin nan, tana riƙe da hannun yaron. Wani ya fara magana, ta dube shi, ya haɗiye. Muka ratsa dajin, muka haye rafin, ya ƙafe ƙurmus. A Tudun Marke mutane suka fito suka yi cirko-cirko. Uwar Garba na tsaye a tsakar gida, ta kasa matsowa. Uwarku ta kai mata shi har gabanta ta sa hannunsa cikin nata.

"Ga naki. Ni na san yadda ɗaki yake in babu."

Daga nan ta ce a nuna mata wurin. Aka kai mu. Ɗan tudu ne gajere, an jera masa ƙaya saboda kuraye. Mutane na tsaye, don haka ba ta yi kuka ba, ni ma ban yi ba. Ta tsuguna ta gyara wata ƙaya da ta karkace, ta tashi. Sai da muka kai tsakiyar daji a hanyar dawowa, ba kowa sai mu da jaki, sannan ta yi magana.

"Ƙanenka ya ji daɗi. Littafinsa ya cika."

Na gaya mata abin da ya ce a gindin gawo, na gaya mata abin da ya ce a taro. Na sake gaya mata a wasu shekarun. Ba ta karɓa ba. Daga baya na gane dole ta sami inda za ta ajiye kayan baƙin cikin nan. Ba ta iya ajiye su kan ƙaddara, tana tsoron Allah. In ta ajiye su kaina, da wa za ta zauna? Sai ta ajiye su kan wanda ke nesa. Kada ku ga laifinta, amma kayan ba naku ba ne, kada ku gaje su.

Tun daga ranar ba a sake ɗaga gora tsakanin garuruwan nan ba. Ba mu riƙe da nasu, ba su riƙe da namu, amma ba wanda ya iya. Ko wane malami wannan ya gaskata, ni ban sani ba.

Da damina ta zagayo Yahaya ya gama karatu ya dawo. Labari ya riga ya same shi can. Ya shiga gaida uwarku, ta amsa daga bayan labule. Washegari ya bi ni gonar daji, muka zauna gindin gawon, reshen ba komai a kansa. Ya ce yana da abin da zai faɗa mini, in na yi fushi ya cancanta. Ya ce babban rubutun da ya yi na ƙarshen karatu a kan mu ya yi shi, tun daga gwanki har ranar da aka mayar da Garba. Ya ce ba don cin jarrabawa ba, ya kasa rubuta wani abu dabam ne. Ya karanta wa malaman nan biyu a zaune. Mai hannu ɗaya ya ce ai gajiya ce da tsoron 'yan doka suka riƙe mu. Tsohon ya ce a'a, matar nan ce ta ɗaura igiyar da ba ta tsinkewa, ya cire tabarau yana goge ido. Suka yi ta gardama har shayinsu ya huce, kuma yanzu wai suna ba sabbin ɗalibai labarin su yi muhawara a kai.

Ban yi fushi ba. In labarin zai hana wasu ɗaga gora a wata ƙasa, to. Abu ɗaya na tambaye shi.

"Me ka kira shi a ciki?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ba a sa suna a irin wannan rubutu, Yaya. Na ce ɗan wani manomi."

"Ni ban kira ba, uwarsa ba ta kira ba. Ashe can ma, da ake ta maganarsa, ba a kira ba."

Sai Baffanku ya kifa kai a gwiwa ya yi kukan da ni da uwarku ba mu samu yi ba. Na bar shi har ya gama. Sannan na miƙa masa kara na share ƙasa da tafina, daidai inda ya taɓa zana sikeli, na ce ya rubuta mini sunan. Ya rubuta da manyan baƙaƙe. Na zauna ina kallonsa, ban san ta inda ake farawa ba, na bi shi da yatsa. Da yamma aka yi ruwa, da safe na koma ba komai a wurin.

Abin da ya kai ni ajin yaƙi da jahilci ke nan da kaka ta yi, da furfura a gemuna, ina zaune cikin sa'o'in ƙannena. Malaminmu ya sha cewa bai ga mai jinkirin ganewa kamata ba, bai kuma ga wanda ba ya fashi kamata ba. Ban damu ba. Na san baƙaƙen da nake nema, sauran na koye su ne don a kan hanya suke.

In Baffanku ya zo da Sallar nan, ku dube shi a ido in kuna gaishe shi. Duk garin nan shi kaɗai ya tashi ya ce kada a kai yaron, kuma a hanyar rafi muryarsa ce yaron ya ji tana kiransa. Ku tambaye shi labarin wanku, ya fi ni iya ba da shi, don shi ya ɗauke shi a wuya.

Bakina har yau bai iya ba, kuma na san haka zan tafi. Hannuna ne ya koya.

Sunansa Idrisu.